Aiki a Apapa, Iyali a Gida: Abin da Maganar Allah Ke Koyarwa

Gabatarwa

A cikin ikilisiyoyin da ake sujada da Hausa a birnin Legas, daga Apapa har zuwa Agege, akwai magidanta da yawa da ke zuwa majami'a su kaɗai. Ba gwauraye ba ne, matansu kuma suna raye. Matan da 'ya'yan suna can Kafanchan, ko Pankshin, ko Billiri, ko Zuru, ko Michika, ko wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, tafiyar yini da kwana a mota. Maigida yana gadi a wani kamfani, ko jan tirela, ko dako a bakin ruwa, ko aikin soja ko na 'yan sanda. Ƙarshen wata ya tura kuɗi ta waya, lokacin Kirsimeti kuma ya leƙa gida in hali ya yi. Duk wanda aka tambaya dalilin wannan zama, amsarsa ɗaya ce: domin iyali yake shan wahala.

Wannan amsa gaskiya ce, Maganar Allah kuma tana girmama ta. Amma akwai tambayar da ke biye da ita: idan mutum ya shekara goma yana aiki domin gidansa, gidan kuwa yana ta rushewa a hankali, to, wa ya yi wa aikin? A cikin Kolosiyawa 3:18 zuwa 4:1, Manzo Bulus ya jera mata da miji, 'ya'ya da iyaye, bara da ubangidansa a wuri guda, bai sa shinge tsakanin gida da wurin aiki ba. Dalili kuwa shi ne, Ubangijin da ake bauta wa a wurin aiki shi ne zai nemi lissafin gida.

Yadda Hanya Ta Kai Apapa

Zuwan mutanen Arewa Ikko ba sabon abu ba ne. Tun da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin Legas da Kano a 1912, gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa gangarowa bakin teku. A shekarun 1920 aka gina matsayar manyan jiragen ruwa a Apapa, a 1977 kuma aka buɗe tashar Tin Can kusa da ita. Cinikin goro ya zaunar da fatake Hausawa a Agege, har zango ya kafu. Kasuwar Mile 12 ta zama masauƙin tumatir da albasa da tattasai daga Arewa, Alaba Rago kuma ta dabbobi.

A bayan fatake sai ma'aikatan jirgin ƙasa, da sojoji, da 'yan sanda, da masu gadi suka biyo. Da yawa daga cikinsu masu bi ne daga ƙabilu daban daban, waɗanda Hausa ta zama musu harshen sujada, musamman tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Su ne suka fara taruwa a barikoki da ɗakunan haya, har ikilisiyoyi irin su ECWA da COCIN da EYN suka sami majami'u a birnin. Daga 2009 kuma rikicin Boko Haram a Arewa maso Gabas, da hare-haren da suka hana noma a wurare da dama, suka ƙara koro mutane kudu.

Saboda haka kada kowa ya yi saurin hukunta wanda ya bar gida. Ibrahim ya gangara Masar saboda yunwa, Elimelek ya tafi Mowab saboda ita. Yawancin waɗanda ke Apapa ba kwaɗayi ya kawo su ba, tilas ce. Sai dai ci-rani na dā yana da iyaka: a tafi bayan girbi, a komo da faɗuwar ruwan fari. Na yanzu kuwa ba shi da damina.

Aiki Baiwa Ce Daga Allah

Wasu masu bi suna ɗaukar aiki a matsayin la'ana. Littafin Farawa bai koyar da haka ba. A sura ta 2 aya ta 15, tun kafin zunubi ya shigo, Allah ya danƙa wa Adamu gonar Aidan domin ya nome ta ya kuma kula da ita. Abin da zunubi ya kawo a sura ta 3 shi ne ƙaya da gumi da gajiya. Aikin kansa ya riga faɗuwar mutum. Ubangiji Yesu ya yi shekaru yana sassaƙa a Nazarat kafin ya fara wa'azi. Bulus ya gargaɗi Tasalonikawa a kan masu zaman banza, ya nuna cewa wanda ya ƙi aiki da gangan ba shi da hakkin zama nauyi a kan 'yan'uwa (2 Tasalonikawa 3:6-12). Ya kuma gaya wa Timoti cewa wanda ya yi watsi da ciyar da iyalinsa ya ƙaryata bangaskiyar da yake furtawa (1 Timoti 5:8).

Ke nan babu sana'ar halal da ta zama abin kunya. Mai dako da ke sauke buhunan shinkafa, da mai wankin mota, da matar da ke suyar ƙosai a bakin titi, da akawun da ke zaune gaban kwamfuta, duk darajarsu ɗaya a gaban Allah. Iyayen da ke raina ɗansu domin ya koyi kanikanci maimakon aikin ofis suna auna shi da mudun duniya. Saurayin da ya gama makaranta ya zauna shekara uku yana jiran babban aiki, yana cin gumin yayansa a ɗaki ɗaya a Ajegunle, shi ma yana bukatar gargaɗin da aka yi wa Tasalonikawa.

Gaskiya a Bakin Ruwa

Bulus ya ce wa barori kada su yi aikin ganin ido, su yi da zuciya ɗaya kamar Almasihu suke yi wa. Mutanen da ya rubuta wa bayi ne, bauta kuwa ba ɗaya take da aikin albashi ba. Amma idan an nemi aminci daga wanda ba a biyansa, ina ga wanda ke karɓar albashi?

Apapa wuri ne da ake gwada wannan aminci kowace rana. Kayan miliyoyin naira suna wucewa ta hannun mutanen da albashinsu bai taka kara ya karya ba. A shekarun da cunkoson manyan motoci ya yi tsanani a hanyar Apapa zuwa Oshodi da ta Ijora, direbobi sun riƙa kwana da kwanaki, wani lokaci makonni, a kan layi, wanda ya miƙa na goro kuma ya wuce gaba. Wannan ne ya sa Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya ta kawo tsarin Eto a Fabrairun 2021, domin a riƙa kiran motoci ta intanet. Tsari yana iya rage cunkoso, amma ba ya sake zuciyar mutum. Direban da ke zuƙe mai daga tanka ya sayar a hanya, da mai gadin da ke kau da kai da dare domin a ba shi kasonsa, da mai kaki da ke tare hanya yana karɓar kuɗi, kowannensu yana da hujja iri ɗaya: yara suna makaranta, albashi ba ya isa.

Sa'ad da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Mai Baftisma, bai umarce su su bar aikinsu ba. Ya hana su karɓar abin da ya wuce ƙa'ida, da ƙwace, da ƙage, ya ce albashinsu ya ishe su (Luka 3:12-14). Wannan bai hana ma'aikaci neman hakkinsa ta hanyar da ta dace ba, gama wasiƙar Yakubu 5:4 ta nuna cewa kukan ma'aikacin da aka danne wa lada yana kaiwa kunnen Ubangiji. Abin da ya hana shi ne mutum ya mai da iyalinsa hujjar sata. Uban da ya biya kuɗin makaranta da kuɗin haram ya koya wa ɗansa darasin da ya fi na aji ƙarfi, ko da yana tsammani yaron bai sani ba. Yara suna lura da bambancin da ke tsakanin albashin ubansu da abin da ke shigowa gida.

Kuɗi Ba Ya Zama Uba

Ga inda magidanta da yawa masu gaskiya suke tuntuɓe. Ba su sata, ba su sha, ba su fasa aika kuɗi, saboda haka suna ganin sun sauke nauyin da ke kansu. Amma ciyarwa ɗaya ce kawai daga cikin abubuwan da Allah ya ɗora wa maigida. An umarce shi ya ƙaunaci matarsa irin ƙaunar da Almasihu ya yi wa ikilisiya (Afisawa 5:25). An umarce shi ya goyi 'ya'yansa cikin horo da koyarwar Ubangiji, kada ya cusa musu fushi (Afisawa 6:4). Maimaitawar Shari'a 6:7 ta nuna lokutan da ake koya wa yara tsoron Allah: a zaune a gida, a kan hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Duk waɗannan suna bukatar uban da ke nan.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka bari yana da shekara huɗu, bayan shekara goma ya zama saurayi wanda ya san ubansa a matsayin murya a waya da ke tambayar sakamakon jarrabawa. In uban ya zo hutun mako biyu, sai ya so ya biya bashin horon shekara guda a cikin kwana goma sha huɗu, da tsawa da bulala. Yaron kuma ya riƙa ƙirga kwanakin da suka rage baƙon ya koma. Eli firist ne mai hidima a Shilo, amma hukuncin da ya auko wa gidansa ya zo ne domin ya ga muguntar 'ya'yansa bai kwaɓe su yadda ya kamata ba (1 Sama'ila 3:13).

Haka yake a kan aure. Dokar Musa ta hana a tura sabon ango yaƙi ko a ɗora masa wani aikin jama'a har shekara guda, domin ya zauna tare da amaryarsa (Maimaitawar Shari'a 24:5). Bulus kuma ya yarda ma'aurata su ƙaurace wa juna ne kawai in sun amince su biyu, na ɗan lokaci, sa'an nan su sake haɗuwa don kada Shaiɗan ya sami ƙofa (1 Korantiyawa 7:5). Ko da yake a kan keɓewa domin addu'a yake magana, sharuɗɗan nan suna da amfani ga mai tafiya neman abinci: yardar juna, da ajiyayyen lokaci, da komowa. Inda aka rasa su, sai a ji labarin wata mace da ke dafa wa maigida abinci a Legas, wadda ikilisiya ba ta san da ita ba sai ranar da ya kwanta ciwo ko ya mutu. A can gida kuma uwargida tana fama da nata gwaji, ga kaɗaici, ga tsegumin maƙwabta.

Akwai kuma batun hannun da kuɗi ke shiga. Wasu magidanta suna aika wa ƙaninsu ko mahaifiyarsu, matar kuwa sai ta je roƙon kuɗin sabulu a gidan surukai. Girmama iyaye umarni ne, Ubangiji Yesu ma ya tsauta wa waɗanda suka fake da baiko suka ƙi taimakon iyayensu (Markus 7:9-13). Amma Farawa 2:24 ta nuna cewa aure yana kafa sabon gida. Mai bi zai ware wa iyayensa rabonsu da sanin matarsa, abin da ke na gidansa kuwa ya shiga hannunta. Ita ma uwargida sai ta riƙe amanar abin da aka aiko, ta tuna cewa kowace naira ta fito ne daga tsayuwar dare ko zafin kwalta. Kada ta riƙa auna mijinta da mijin wata, kada kuma ta ɓata sunansa a gaban yara.

Tambayar Yakubu

Yakubu ya yi shekara ashirin a gidan Laban, nesa da ƙasarsa. Ya yi kiwo da aminci, rana ta dafa shi, sanyi ya ci shi, Laban ya sauya masa lada har sau goma (Farawa 31:38-42). Ba a same shi da cin amanar garke ba. Amma bayan haihuwar Yusufu ya tsaya ya tambayi Laban yaushe ne shi ma zai yi wa gidansa tanadi (Farawa 30:25-30). Ya gane cewa zaman ba na har abada ba ne. Kafin ya tashi kuma, sai da ya kira Rahila da Lai'atu saura ya yi shawara da su.

Kowane mai aiki a Ikko yana bukatar ya yi wa kansa wannan tambaya, domin aikin birni ba shi da tabbas. Sa'ad da aka miƙa tafiyar da tashoshin jiragen ruwa ga kamfanoni masu zaman kansu a 2006, dubban ma'aikata suka rasa aikinsu. A Yunin 2022 gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Apapa, samari da yawa daga Arewa suka wayi gari ba sana'a. Wanda ya riƙe gidansa yana da wurin komawa a irin wannan rana. Wanda ya sake shi kuwa sai ya tarar da gaskiyar karin maganar nan: kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Akila da Bilkisu

Koranti birni ne na bakin teku mai tashoshin jiragen ruwa biyu, cike da fatake da baƙi da kowane irin lalata. A nan Bulus ya sami Akila da matarsa Bilkisu. Su ma korarru ne, gama Sarki Kalaudiyas ya fitar da Yahudawa daga Roma (Ayyukan Manzanni 18:1-3). Sana'arsu ɗinkin tanti, tare suke yi, Bulus ma ya zauna a gidansu yana aiki da su. Daga Koranti suka koma Afisa, daga baya aka same su a Roma kuma. Sau shida Sabon Alkawari ya ambace su, ba a taɓa kiran ɗaya ba tare da ɗayan ba. Tare suka ƙara wa Afolos fahimtar hanyar Allah, ikilisiya kuma tana taruwa a gidansu.

Ba kowa ne zai iya kawo iyalinsa Legas ba. Kuɗin haya da na makaranta da na abinci sun yi tsada ƙwarai, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Amma abin da ya riƙe Akila da Bilkisu ba arziki ba ne. Sun ɗauki ƙaura da sana'a da hidima a matsayin abin da ya shafe su su biyu. Ma'auratan da nisa ya raba za su iya riƙe wannan: uwargida ta san ainihin abin da mijinta ke samu da inda yake kwana, maigida ya san abin da gona ta bayar da abin da ke damun kowane yaro, su tsai da lokacin da za su sake zama wuri ɗaya, su riƙa tanadi dominsa.

Waɗanda Ke Tare a Birni

Kada iyalan da ke zaune tare a Agege ko Ijora su ɗauka maganar ba ta shafe su ba. Mutum yana iya kwana a gida kullum ya zama baƙo a cikinsa. Uba ya fita tun kafin asuba don gudun cunkoso, ya dawo yara sun yi barci. Uwa tana kasuwa har dare. Ranar Lahadi kuma tarurruka su cinye yinin. Allah ya ba da ranar hutu ga maigida da 'ya'yansa da barorinsa har da dabbobinsa (Fitowa 20:8-11), Zabura ta 127 kuma ta nuna cewa sammako da kai dare ba su gina gidan da Ubangiji bai gina ba.

A nan ne kuma Kolosiyawa 4:1 ta shafi gidajen masu bi kai tsaye. Yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da alkawarin za a sa ta makaranta, ta ƙare tana wanke-wanke da raino, ita ce ta farkon tashi ta ƙarshen kwanciya, tana da Mai ji a Sama. Uwargidan da ke waƙa a Zumuntar Mata, tana kuma zaluntar 'yar wata a ɗakin girkinta, ta rushe shaidarta da hannunta. A cika alkawarin da aka yi wa iyayen yarinyar, a ciyar da ita daga tukunyar da ake ciyar da 'ya'yan gida.

Hakkin Ikilisiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata ikilisiyar gida ta ba mai tafiya takardar shaida zuwa ga faston inda za shi, kada ya ɓace a cikin birni. Dattawan ikilisiyoyin Legas su san wane ne ke da iyali a gida, su riƙa tambayarsa lafiyarsu da ranar da ya je ganinsu, ba zakkarsa kaɗai ba. Zumuntar Maza ta ziyarci direbobi da masu gadi waɗanda aiki ke hana su zuwa sujada. Zumuntar Mata a gida ta riƙa leƙa matan da mazansu ke nesa, gama zumunta a ƙafa take. Wayar da ake tura kuɗi da ita kuma tana iya ɗaukar addu'ar iyali: a tsai da lokaci, a karanta aya ɗaya, uba ya kira kowane yaro da sunansa ya sa masa albarka.

Kammalawa

Allah ne ya ba mutum aiki, shi ne kuma ya ba shi iyali, bai ba da ɗaya domin ya haɗiye ɗayan ba. Kamfanin da mutum ya yi wa gadi shekara ashirin zai sami wani mai gadi a cikin mako guda. Matarsa da 'ya'yansa ba su da wani a madadinsa. Wanda ya ga ya yi nisa kada ya fid da zuciya, domin Almasihu da ya sulhunta masu zunubi da Allah yana da ikon sulhunta miji da mata, uba da ɗa. Abin da ake bukata shi ne tuba, da faɗin gaskiya, da ɗaukar matakin farko tun yau.

Ubangiji ya albarkaci aikin hannuwan bayinsa da ke Apapa da Agege da dukan Ikko, ya tsare su daga abin haram, ya kiyaye matansu da 'ya'yansu, ya kuma sake tara kowane iyali a ƙarƙashin rufi ɗaya cikin salama. Amin.